Adaftar Ɗakin Auta

Lahadi ce, ranar da Auta ba ta zuwa shagon tabarau, amma ita ta riga kowa tashi. Uwar ta ji saukowarta daga bene gari bai gama wayewa ba, tana tsallake matakala bibbiyu, halin da aka yi ta hana ta tun tana firamare ba ta hanu ba. Ta ɗora ruwan shayi, ta leƙa ɗakin uban, ta tarar idonsa biyu.

"Baba, yau za ka ga aiki. Ka shirya muryarka."

"Ke dai," in ji shi. A lokacin maganarsa ba ta cika wuce kalma biyu ko uku ba.

Uban likitan dabbobi ne da ya yi ritaya, kowa Dakta yake ce masa, har matarsa. Shekara guda kafin nan ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa ya yi nauyi, aka sauko masa da gado ƙasa domin bene ya gagare shi. Mai koya masa magana a asibiti ta ce maganin harshe shi ne a yi ta motsa shi, ko da faɗa ne. To Dakta ba ya faɗa da mutane. Abin da aka lura yana sa shi buɗe baki shi ne shirye-shiryen dabbobi: da zarar ya ga wani a talabijin ya kama maraƙi ba daidai ba, sai ka ji ya fara gyara masa. Ganin haka Yayan Auta, wanda ke aiki a wani gari mai nisa, ya aiko da babbar talabijin mai shiga intanet, domin a riƙa nemo masa irin waɗannan shirye-shirye ko da yaushe.

Talabijin ta zo, ta hau bango, sai dai intanet ɗin ya ƙi sauko mata. Wayar kamfani ta tagar ɗakin Auta ta shigo, don haka rauta, na'urar da ke rarraba intanet, tana can sama a ɗakin nata, a ƙarshen baranda. Tsakaninta da falo akwai kankaren bene da bango biyu, kuma Dakta da kansa ya tsaya a kan magina lokacin da ake ginin, bai bari an yi wa siminti rowa ba. Saniya za ta fara naƙuda a allo, sai hoton ya daskare, wani ɗan zobe ya yi ta juyawa a tsakiya. Dakta ya kalli zoben, ya kau da kai. Da aka ce a huda bango a jawo waya, ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya ce, "Bangona? A'a." Maganar ta mutu a nan.

Da hantsi, bayan an karya, Auta ta sauko da wani ɗan kwali wanda aka manne bakinsa da salatif. Ta ajiye a kan teburin da uwar ke duba takardun ɗalibai, a kan takardun ma.

"Ɗauke min wannan. Me kika kwaso kuma?"

"Mama, ba kwasowa na yi ba, zaɓowa na yi. Mako uku ina bincike."

"An taɓa buɗe shi fa."

"Shi ya sa ya yi araha. Wani ne ya saya, ya kasa haɗawa, ya mayar. Laifinsa ne, ba na kayan ba."

Haka Auta take tun tana ƙarama. Ba rowa gare ta ba, kyauta ma har ta yi mata yawa, amma ta tsani a ce ta sayi suna maimakon aiki. Kafin ta sayi fanka sai ta karanta abin da mutum hamsin suka faɗa a kan fankar, ta fi kuma sauraron masu ƙorafi, domin a cewarta mai yabo bai daɗe da kayan ba. Ba ta yar da kwali. Ta karanta kimiyyar ido, ta samu aiki a shagon tabarau, tana gwada idon mutane tana daidaita musu firam. Mai shagon ya sha yi mata magana, domin tsoho zai shigo ya nufi firam mai tsada, ita kuma ta janye shi ta ce, "Baba, wancan kyau ne kawai. Ga wanda jikanka zai zauna a kai bai karye ba." Bai kore ta ba saboda tsofaffin ita suke dawowa nema, har da kawo 'yan'uwansu. Akwai wani mai kantin magani da ya yi shekara yana zuwa gaishe ta, uwar ta tambaye ta ina aka kwana, ta ce har yanzu tana sauraron masu ƙorafi a kansa, ba ta samu ko ɗaya ba, abin ya fara ba ta tsoro.

A cikin kwalin akwai wasu fararen na'urori guda biyu, kowace ba ta wuce sabulun wanka ba, da ƙafafun shiga soket a baya, da gajerun wayoyi biyu. Auta ta ce sunansu adafta. Ɗaya za ta shiga soket a ɗakinta a haɗa ta da rauta, ɗaya ta shiga soket a falo a haɗa ta da talabijin. Intanet ɗin zai bi wayoyin wutar da ke cikin bango ya sauko.

Uwar malamar kimiyya ce, ba ta karɓar magana haka kawai. "Wuta na bin wayar, saƙo na bin wayar. Ba za su cakuɗe ba?"

"Kina magana a aji fanka na ƙara, ɗalibai ba sa jin ki? Haka ne. In dai mita ɗaya ce, hanya ɗaya ce."

"Ke da aka tura karatun ido."

"Ai shi ya sa na gani."

Dakta ya yi dariya da rabin bakinsa.

Kafin azahar aka fara aiki. Bayan talabijin soket ɗaya ne, kuma doguwar estenshan ce a jikinsa, mai ɗauke da talabijin da fanka da cajar waya. Uwar ta miƙa hannu za ta soka adaftar a ramin da ya rage, Auta ta riƙe hannun.

"A bango, Mama. Kai tsaye."

"Wannan estenshan ɗin tana kare kaya in wuta ta zo da ƙarfi."

"Ita ce matsalar. Duk abin da ba ta gane ba tace shi take yi, har da saƙon. Tsaronta ya yi yawa, kamar wata da na sani."

Ta jawo kujera, ta gano wani soket a bayan akwatin littattafai wanda kowa ya manta da shi, ta share ƙura, ta soka. Cikin 'yan fitilu uku da ke jikin adaftar, ɗaya ta kama. Ta haɗa waya zuwa bayan talabijin, ta biyu ta kama. Ta tsakiya ta ƙi. Ta ce ita ce mai muhimmanci, ita ke nuna cewa biyun sun san juna, kuma tunda wani ya taɓa wasa da su, sai an sake gabatar da su. A jikin kowace akwai ɗan madanni. A danna na ƙasa, a danna na sama kafin minti biyu su cika, shi ke nan.

"Dannawa ɗaya a saki," ta ce. "In aka riƙe ya daɗe, mantuwa take yi, ta manta da 'yar'uwarta."

Uwar ta ce ita za ta danna na ƙasa. Auta ta ce a'a, aikin Baba ne. Ta turo kujerarsa har gaban soket ɗin, ta ɗora yatsansa na hagu a kan madannin, ta ce idan ta kira daga sama ya danna, idan ta tsakiya ta yi kore kuma ya gaya mata, da ƙarfi, domin ita ba za ta sauko dubawa ba. Ta harari uwar. "Ke kuma kada ki taya shi."

Ta haye. Can sai muryarta ta sauko ta matakala: "Baba, danna!"

Ya danna. Fitilar ta yi ta ƙiftawa. Uwar ta tsaya a bayansa, bakinta cike da maganar da aka hana ta faɗa. Sai fitilar ta tsaya cak, kore shar. Dakta ya buɗe baki, abin ya fito ƙasa-ƙasa.

"Ban ji ba!" in ji Auta daga sama, alhali uwar ta san ta ga tata fitilar ta kama.

Ya ja numfashi, jijiyar wuyansa ta tashi. "Ta kama! Ja'ira, ta kama!"

Tun da ya kwanta ciwo ba a ji muryarsa ta kai bene ba sai ranar.

Bayan azahar Auta ta shiga saitin talabijin ta mayar da ita kan wayar adafta, ta nemo masa wani shiri na masu kiwon awaki a kan duwatsu. Hoton bai tsaya ba ko sau ɗaya. Dakta ya yi wa wani makiyayi faɗa a kan yadda ya ɗaure ƙafar akuya, jimla guda cikakkiya, har da "wawa" a ƙarshe. Da la'asar ta wanke kanta, ta zauna a baranda tana shanya gashi tana waya da mai kantin magani, uwar na jin dariyarta daga kicin. Da magariba ta goge kayan aikinta na gobe. Sun ci abinci tare a falo. Da za ta hau, ta tsaya a matakala ta uku ta ce, "Mama, in kika ga ta yi ja, caja ko dutsen guga aka soka kusa da ita. Ba ta son hayaniya." Uwar ta ce ta ji, ba ta ɗago daga takardun da take dubawa ba.

Washegari da rana, a shago, Auta na gwada wa wata mata firam, ta ce kanta na sarawa, ta zauna a kujerar masu jira. Jijiya ce ta fashe a kanta, ta rasu. Likitoci sun ce ba abin da wani zai iya yi, ba kuma alamar da aka yi sakaci da ita. Uwar ta tambaye su dalla-dalla, ta fahimci bayaninsu, ta yarda da shi. Auta tana da shekara ashirin da takwas.

Gidan ya cika da masu gaisuwa. Kowa da wayarsa, kowace waya da yunwarta, soket kuma kaɗan ne. Wani ya zare adaftar falo ya soka caja. Wata gwaggo mai son gyara ta mayar da ita daga baya, da ta ga fitila na ƙiftawa ta zaci makunni ne, ta danne madannin ta riƙe har sai da ƙiftawar ta daina. Ba wanda ya lura, domin ba wanda ya kunna talabijin a kwanakin nan. Uwar kuwa, tun ranar farko, ta kulle ɗakin Auta, ta ɗaura makullin a bakin zanenta. 'Yan'uwa sun yi maganar kaya, ta ce ba yanzu ba. Yaya ya zo, ya yi kwanakinsa, ya roƙa ta bar shi ya shiga ko taga ya buɗe, ta ce ba yanzu ba. Ya koma bakin aikinsa.

Da gida ya yi shiru, wata safiya Dakta ya nuna rimot. Ta kunna masa. Talabijin ta ce babu intanet. Ta duba bayan akwatin littattafai: fitila biyu na ci, ta tsakiya a mace.

Ta gane abin da ya faru nan take, ta kuma san maganinsa, domin a gabanta aka yi. Duk da haka ta gwada komai da za a iya gwadawa daga ƙasa. Ta zare ta mayar. Ta canza soket. Ta danna madannin, fitilar ta yi ƙiftawarta tana neman 'yar'uwarta, ta gaji ta mutu. Ta mayar da talabijin kan intanet na iska, marar waya, zoben nan ya dawo yana juyawa. Yaya ya bugo ya ce zai turo mai gyara.

"Ya shiga ina?"

"Mama, minti biyar ne fa."

"Ba baƙon da zai taka ɗakin nan."

"To ke ki shiga."

Ta ce masa ana sallama a ƙofa, ta kashe wayar.

Ita ɗakinta ma a sama yake, kullum sai ta wuce ƙofar. Ta ƙarƙashinta ana hango ɗan hasken rauta a kan tayil, tana nan tana aikinta, ba wanda ya gaya mata komai. Uwar takan wuce ba ta rage tafiya ba. Ta koma makaranta, ta shiga aji, ta duba jarrabawa, ba wanda ya ga ta gaza a ko'ina.

Dakta bai yi ƙorafi ba. Yana zaune a kujerarsa, ana kunna masa tashoshin da eriya ke kamawa, labarai da tallace-tallace, ba abin da zai gyara wa kowa. Jimlolinsa suka koma kalma uku, suka koma biyu. Mai koyar da magana ta duba shi ta ce baƙin ciki na yin haka, amma abin da harshe ya saki a waɗannan shekarun ba lallai ya sake kamawa ba. Ta tambaya me ya rage a gida da yake sa shi magana. Uwar ta ce za ta duba.

Wata Asabar da hantsi ta kawo masa shayi ta ce, "Dakta, a ƙara sukari?" Ya gyaɗa kai. Ta ce, "Cokali nawa?" Ya ɗaga yatsa biyu. Ta tsaya da cokalin a hannu. Mutumin da ya ce wa makiyayi wawa, yau "biyu" ta fi ƙarfinsa, ko kuma bai ga amfanin faɗarta ba. Ya ga inda idonta ya tafi, wajen akwatin littattafai, sai ya tattaro ƙarfinsa ya ce, "Bar shi, Malama."

Shekara talatin da wani abu suna tare, ta san lokacin da yake yi mata kara. Ta ajiye cokalin. Ta turo kujerarsa gaban soket ɗin, ta ɗauki yatsansa na hagu ta ɗora a kan madannin.

"Dannawa ɗaya ka saki. In ta kama ka gaya min. Ba zan sauko dubawa ba."

Ya dube ta ya daɗe. Ta kwance makullin daga zanenta.

Ɗakin ya yi zafi, yana warin man gashinta da rufaffen wuri. Gadon ba a gyare yake ba, Auta ba ta taɓa gyara gado ranar aiki ba. Tawul na rataye a ƙofar kabad, ya bushe ya ƙandare. A saman kabad ɗin kwalaye ne jere har rufi: na fanka, na dutsen guga, na waya, na takalmi, da ɗan kwalin nan mai salatif a gaba. Uwar ba ta taɓa komai ba. Ta nemi rauta, ta bi gajeriyar wayar da ido har bayan teburin karatu. Sai da ta durƙusa ta cusa kafaɗa tsakanin tebur da bango kafin yatsanta ya kai. A nan ta gane cewa haka 'yarta ta durƙusa ranar nan, a wannan matsatsin, tana ihu tana dariya. Ta ɗan jira har numfashinta ya daidaita.

"Dakta, danna!"

Ta danna nata. Fitilar tsakiya ta fara ƙiftawa. Ta yi ta ƙiftawa har uwar ta fara tunanin ko yatsansa ya zame, ko ya riƙe ya daɗe. Sai ta tsaya, kore.

Daga ƙasa ba a ji komai ba. Ta san ya gani. Gwiwarta na ciwo, ba ta tashi ba.

"Ban ji ba!" ta ce.

 Sannan wani gurnani, kamar ana jan kujera a kan siminti. Sannan muryar ta hau matakala, a karye amma ta iso:

"Ta kama! Malama, ta kama! Sauko ki nemo min awakin nan!"

Ba ta sauko nan da nan ba. Ta miƙe, ta ja labule, ta buɗe taga. Ta cire tawul ɗin ta ninke. Sai da ya sake kira, wannan karon da faɗa, kafin ta fito, ta bar ƙofar a buɗe.

Kayan an yi su a hankali, Asabar bayan Asabar. Tufafin ta kira 'ya'yan ƙannenta suka zaɓa, ta hana su kuka a kansu, ta ce Auta da tana nan sai ta gaya wa kowa inda ta samo nasa da rahusa. Farar rigar aiki da ɗan akwatin sukurdirebobin gyaran firam ta kai shago da kanta, mai shagon ya ba yarinyar da aka ɗauka a gurbinta. Littattafan ido suka tafi ɗakin karatun makarantar da uwar ke koyarwa. Mai kantin magani ya zo gaisuwa, ta ce ya ɗauki abin da yake so, ya duba ya duba, ya ɗauki fankar tebur, ita kuma ta sauko masa da kwalinta, da takardar garantin a ciki. Sauran kwalayen ma kowanne ya bi kayansa. Tawul ɗin yana cikin akwatin uwar.

Rauta ba ta motsa ba, adaftar ma tana inda Auta ta soka ta. Uwar ta hau da takardunta, teburin ya zama wurin duba jarrabawarta. Daga nan, in ƙofa na buɗe, tana jin Dakta a ƙasa yana koya wa mutanen allo yadda ake kama rago. Ranar da ta hau da dutsen guga za ta soka a soket ɗin da ke kusa, ta tsaya da filogin a hannu, ta fita da shi baranda ta yi gugarta a can.